Jinin Mutum Ɗari Shida

Ranar da Dakta Lulwa ta koma aiki bayan rasuwar mahaifinta, ko jaka ba ta ajiye ba Badriyya ta jawo hannunta zuwa ɗakin sanyi inda ake ajiyar jini, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Kin ga mujallar?"

"Wace mujalla? Ni da wata huɗu rabona da buɗe ko jarida?"

Badriyya, wadda suka yi shekara shida suna aiki a tebur ɗaya a cibiyar binciken lafiya, ta zaro takardu daga aljihun farar rigarta ta miƙa mata, idonta a ƙasa. Lulwa ta karanta kan maganar sau biyu. Aikinta ne, ba ko tantama. A ƙasa an rubuta sunan shugaban cibiyar, Farfesa Ghazi, sai na Dakta Nawaf, mijin 'yarsa, wanda bai fi wata tara da zuwa wurin ba, kuma har yau bai san inda makullin firji yake ba. Ta bi shafukan da yatsa har ƙarshe. Can a layin godiya ta tsinci kanta, tsakanin direban cibiyar da mai buga takardu: ana gode wa Lulwa Jasim saboda taimakawa wajen ɗibar jini.

Tambayar da ta haifi aikin nan tata ce tun farko. A Bahrain da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai ciwon sukari ba, irin wanda ke kama mutum bayan ya girma. Kowa yakan ce shinkafa ce, da alewar garin Muharraq, da zaman mota. Lulwa ba ta musa ba. Amma ta ga mahaifinta, masassaƙin jiragen ruwa da bai taɓa sanin ƙiba ba, suna cin abinci a faranti ɗaya da ƙanensa shekara hamsin. Ciwon ya kama shi, ya bar ƙanen. Karatunta kuwa a kan garkuwar jiki ta yi shi. Kowane mutum yana gadon wasu alamomi daga uwa da uba, waɗanda da su ne garkuwar jikinsa ke bambance nata da baƙo. Abin da take so ta sani shi ne, ko akwai wata alama a cikinsu da ta fi yawa a jinin Larabawa masu wannan ciwo.

Don ta amsa wannan ta tara jinin mutum ɗari shida, rabi masu ciwon, rabi lafiyayyu. Gida gida ta bi. Ta sha gahawa har hannunta na rawa, ta ci dabino a tabarmi sun fi ɗari, ta saurari labarin ciwon gwiwa da na surukai kafin tsohuwa ta yarda ta naɗe hannun riga. Tana dab da gamawa ciwon ya ci yatsan mahaifinta, ya ci ƙafar, ya koma kan ƙoda. Ta ɗauki hutu ta yi jinyarsa har ya cika.

Da takardun a hannu ta nufi ofishin Farfesa Ghazi. Ta same shi a kishingiɗe a kujera, turaren wuta na tashi, yana jan carbi.

"A'a, 'yata, sannu da dawowa. Allah ya jiƙan mahaifinki Abu Rashid, ya sa ya huta."

"Amin. Farfesa, ina sunana?"

"Ga shi nan a ciki ai. Ba ki duba baya ba?"

"Na duba. Na ga kaina kusa da direba."

Ya yi 'yar dariya, ya ajiye carbin. "Lulwa, ki saurare ni. Allah ya ba ki hannu mai kyau, kina samun jijiya ko a jikin tsohuwar da ta bushe. Wannan baiwa ce, kada ki raina ta. Amma kimiyya ba yawon shan gahawa a gidajen ƙauye ba ce. Kin tafi kin bar aiki a warwatse, ni da Nawaf muka zauna muka yi masa kai da ƙafa."

"Mahaifina ne yake mutuwa, Abu Turki," ta ce, ta kira shi da alkunyarsa.

"Kowa da nasa uzurin. Af, tunda kin zo, ma'aikatar lafiya ta nemi likita a asibitin unguwa a Muharraq, na ba da sunanki. Kusa da gida ne, za ki fi samun kula da mahaifiyarki."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya sauka a kan jadawalin da ke shafi na huɗu. Ta san waɗannan lambobin kamar yadda ta san lambar wayarta. Tsohon lissafi ne, wanda ba a tace ba.

A cikin masu ciwon ɗari uku, mutum casa'in sun fito ne daga ƙauye ɗaya na masunta a gaɓar yamma. A kwamfuta lambobi ne kawai, ba suna, ba dangi. Amma wata tsohuwa a ƙauyen, Ummu Mahdi, ta taɓa zaunar da ita ta warware mata wane ɗan wane, wance jikar wance, Lulwa na rubutawa a wani koren littafi. Da ta haɗa zaren sai ta ga duk casa'in ɗin jikokin wasu 'yan'uwa biyu ne, kuma auren gida suke yi tun kakanni. Dole alamominsu su yi kama, da ciwo ko ba ciwo. Idan ka ƙirga su a matsayin baƙin juna, lissafi zai nuna maka alama ɗaya tana ninka haɗarin ciwon sau huɗu. Idan ka cire su, abin ya sauko ƙasa, ɗan bambanci ne kawai ya rage. Sati biyu kafin ta tafi hutu ta rubuta wa Farfesa saƙon imel, ta ce kada a yi amfani da wannan jadawali sai ta tace shi, ta kuma faɗi dalili. Bai amsa ba. Yanzu ta gane ko dai bai karanta ba, ko ya karanta ya ga ninki huɗu ya fi daɗin faɗa.

Maganar ta zo mata har bakin harshe. Ta dube shi, ya riga ya ɗauki waya yana duba wani abu, kamar ta fita tuni. Sai ta haɗiye.

"Na gode, Farfesa. Allah ya ƙara ɗaukaka."

"Yauwa, 'yar albarka."

Ta kwashe kayanta a kwali ɗaya. Koren littafin ta sa shi a ƙasan jaka, ƙarƙashin sallaya.

Asibitin unguwar ɗakuna biyar ne da layin mutane da ba ya ƙarewa. Tana auna hawan jini, tana duba ƙafafun tsofaffi, tana rubuta magani. Da la'asar ta koma gida, ta buɗe kwamfutarta ta sake lissafin, da dangi a ciki, da dangi a cire, har ta haddace kowace lamba. Ta buga saƙon imel ɗin nan kwafi uku ta raba su wuri uku. Ba ta gaya wa kowa ba sai Badriyya.

Shi kuwa Farfesa Ghazi sai sama yake yi. Jarida ta buga hotonsa da farar riga yana riƙe da kwalbar jini, aka rubuta cewa ya gano alamar sukarin Larabawa. Aka ba shi lambar yabo. Aka kira shi a talabijin sau uku. Duk lokacin da za a nuna shi, Lulwa takan zauna gaban akwatin ta ƙara murya.

Mahaifiyarta ta gaji da gani. "Wai ke wace irin zuciya ce da ke? Mutum ya cuce ki, kin zauna kina kallonsa kamar mai kallon wasan ƙwallo. Kashe mana abin nan."

"Bar shi, Yumma," ta ce, don haka ake kiran uwa a can. "Ina so in ji duk abin da zai faɗa."

"Ki kai ƙara mana. Ba ga ɗan'uwanki Rashid ba, ya san mutane a ma'aikata."

"In na kai yanzu, za su kira shi a ofis, a sha gahawa, a buga ɗan gyara a shafin baya wanda ba mai karantawa. Ni kuma a ce baƙin ciki nake yi. A'a, Yumma. Bari ya hau tukuna."

"Ya hau ina?"

"Inda in ya faɗo kowa zai ji ƙara."

Tsohuwar ta girgiza kai, ta ce Allah ya shirya, ta koma kicin.

A hira ta uku ne mai tambaya ta ce masa a ina alamar ta fi yawa. Farfesa ya gyara zama ya ce, a wasu ƙauyukan gaɓar yamma abin ya yi katutu, shi ya sa yake ba da shawara a riƙa gwaji kafin aure. Ya ƙara da cewa wani kamfani ya shirya fara sayar da gwajin, za a sa hannu a babban taron likitocin yankin Gulf da za a yi a Manama, babban birnin ƙasar, a watan Maris.

Bahrain ƙaramar ƙasa ce. Kafin sati ya zagayo kowa ya san ƙauyen da ake nufi, domin kowa ya san inda motar cibiyar ta riƙa zuwa.

Wata uku kafin taron, Badriyya ta zo asibitin unguwar lokacin hutun rana, ba ta ko zauna ba.

"Kin tuna Batul, jikar Ummu Mahdi? Mai koyarwa a firamare?"

"Na tuna ta. Ita ke riƙe mini auduga."

"An fasa aurenta. Saura sati biyar. Uwar yaron ta ce ba za ta haɗa jini da ƙauyen sukari ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, an ce akwai wata ma."

Lulwa ta ajiye cokalin abincinta.

"Lulwa, magana ɗaya za ki yi wannan abu ya mutu. Yau ɗin nan. Ki kira 'yan jarida, ki nuna musu littafin."

"Su buga a shafi na tara, shi kuma ya ce ma'aikaciyar da aka kora ce take huce haushi? Wa zai saurare ni?"

"To sai yaushe?"

"Maris."

"Maris! Yarinya na kuka a ɗaki, ke kina ƙirga watanni? Wallahi kin canja. Ba don mutanen nan kike yi ba, don kanki kike yi."

"Ban ce don su nake yi ba," in ji Lulwa. "Shekara shida ya ɗauke mini, Badriyya. Ina wanke wa babana gyambo, shi yana goge sunana. Ya ajiye ni kusa da direba. Zan tsaya a gaban duk wanda ya taɓa tafa masa, in mayar masa."

Badriyya ta ɗauki jakarta ta fita. Ba su sake magana ba har bayan taron.

Ranar taron Lulwa ta sa abayarta mafi kyau. Tun da safe ta aika wa editocin mujallar wasiƙa, da sabon lissafi, da kwafin saƙon da ta taɓa aika wa Farfesa mai ɗauke da kwanan wata. Sunayen mutane duk ta rufe su, lambobi kawai ta bari da zanen dangantaka. Sannan ta tuƙa mota ta haye gada zuwa Manama.

Ɗakin taron otal ɗin ya cika. Likitoci daga Kuwait, da Oman, da Saudiyya, da manyan ma'aikata a layin gaba, da mutanen kamfanin da jakunkunansu, da masu ɗaukar hoto. Mai jagorantar zaman wata dattijuwa ce daga Tunis, Farfesa Dalanda, wadda aka sani da rashin wasa a kan lissafi. Lulwa ta zauna a tsakiya, bakin hanya.

Farfesa Ghazi ya yi minti arba'in yana magana. Ya iya magana, wannan ba mai ƙwace masa. Ya ba da dariya, ya ambaci kakarsa, ya nuna jadawalin shafi na huɗu a bango da manyan lambobi. Aka yi tafi mai tsawo. Da aka ce akwai mai tambaya, hannun Lulwa ne ya fara tashi.

Aka miƙo mata abin magana. Ta miƙe. Ta ga lokacin da ya gane ta, murmushinsa ya ɗan tsaya, sannan ya dawo.

"Sunana Dakta Lulwa Jasim, daga asibitin unguwa a Muharraq. Ni ce na ɗebi jinin. Sunana na nan a layin godiya." Wasu suka yi 'yar dariya. "Tambayata ƙarama ce, Farfesa. A cikin masu ciwon ɗari uku, mutum nawa ne 'yan'uwan juna?"

"Babu," in ji shi. "An rubuta a takardar, duk baƙin juna ne."

"Ka tabbata?"

"'Yata, wannan abu ne da ɗalibin shekarar farko ya sani."

"Madalla. To bari in tambayi Dakta Nawaf, tunda an rubuta shi ne ya tace bayanan. Dakta, lamba ɗari biyu da sha biyu da lamba ɗari biyu da arba'in, mene ne tsakaninsu?"

Nawaf, da ke zaune a gefen dandamali, ya dubi surukinsa, ya dubi takardun gabansa. "Lambobi ne... ba a haɗa su da suna ba."

"Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ɗari biyu da sha tara ɗan ƙanwarsu ne, matarsa kuma ita ce ɗari biyu da talatin da ɗaya, 'yar kawunsa. In ci gaba? Mutum casa'in ne, jikokin mutum biyu. Ba alamar ciwon sukari kuka gano ba, Farfesa. Kun gano cewa dangi suna kama da juna."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Farfesa Ghazi ya matso da bakinsa kusa da abin magana.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Wannan baiwar Allah ta yi aiki a ƙarƙashina, an yi mata rasuwa, tun lokacin ba ta dawo daidai ba. Da akwai irin wannan matsala ai da ta faɗa tun tuni."

Wannan kalmar take jira wata goma sha huɗu.

"Na faɗa," ta ce. Ta zaro takarda daga jaka, ta karanta kwanan wata, ta karanta saƙon daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai karanta wa yara darasi. "An aika wa Farfesa Ghazi, ƙarfe goma da minti shida na safe. Wata biyar kafin a buga aikin."

Farfesa Dalanda ta miƙo hannu daga kan dandamali. Lulwa ta taka har gaba ta ba ta saƙon da sabon lissafin. Dattijuwar ta sa tabarau ta karanta, ba wanda ya yi tari. Sannan ta juya ga Farfesa Ghazi.

"Abu Turki, wannan adireshinka ne?"

"Saƙonni ɗari nake samu a rana."

"Ban tambaye ka nawa kake samu ba. Idan an cire dangin, me ya rage?"

Ya ɗauki kofin ruwa zai kai baki, ruwan ya zuba a gaban farar rigarsa. Lulwa ta tsaya nan ƙasan dandamalin tana kallonsa, ba ta ƙifta ba. Ta ga mutanen kamfanin suna rufe jakunkuna. Ta ga babban jami'in ma'aikata ya tashi ya fita ta ƙofar gefe. Ta ga masu hoto sun juya gaba ɗaya kan tabon ruwan. Ba ta ji tausayi ko na ƙwayar zarra ba. Abin da ta ji daɗi ne, tsantsarsa.

Kwana takwas bayan haka, tana cikin duba marasa lafiya, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce wani dattijo na son ganinta, ya ce shi Farfesa ne.

"Ya karɓi lamba?"

"Ya ce ba rashin lafiya ya kawo shi ba."

"Ki ba shi lamba."

Ya zauna a benci awa biyu da rabi, tsakanin wani mai tari da wata mai goyo. Lulwa ba ta gaggauta kowa ba. Ta ma tsaya ta yi wa wani tsoho bayanin yadda ake yanke farce sau biyu. Da layi ya zo kansa ya shigo, ya rame, gemunsa ba gyara.

"Dakta Lulwa," ya ce. Yau babu 'yata.

"Zauna. Me ke damunka?"

"Mujalla ta ba ni sati biyu. Idan kika rubuta musu cewa kuskure ne na fahimta tsakaninmu, za su yarda a yi gyara maimakon a janye aikin. Sunanki zai zo farko. Zan cire Nawaf. Ki dawo cibiya, mataimakiyar shugaba."

"Sunana a kan me? A kan ƙarya?"

"A kan gyararren. Ki duba shekaruna, Lulwa. Shekara talatin da biyar ina wannan aiki. Jikokina sun ga hoton nan a waya. Na san mahaifinki, mutumin kirki ne, da yana raye ba zai so haka ba."

"Kada ka sake ambaton mahaifina. Ka zo gaisuwa? Ko saƙo ka aiko? Kana can kana goge sunan 'yarsa."

"Na yi kuskure."

"Ba kuskure ka yi ba. Ka duba ka ga ba ni da kowa, ka ɗauka. Da na yi shiru har abada, da yanzu kana cikin jirgi za ka karɓo wata lambar." Ta jawo takardar magani ta ajiye biro a kai. "In akwai inda ke maka ciwo, faɗa mini. Ina da hannu mai kyau wajen samun jijiya. In babu, akwai mutane a waje."

Ya dafa tebur ya tashi, ya fita bai rufe ƙofa ba.

Mujallar ta janye aikin, ta buga dalili a fili. Kamfanin ya fasa. Aka ce Farfesa Ghazi ya yi ritaya saboda rashin lafiya, Nawaf kuma ya koma wani asibitin kuɗi a wata ƙasa. Amma kwamitin binciken bai tsaya a kansu ba. Suka kira Lulwa, shugaban kwamitin ya tambaye ta abu ɗaya: ta san lissafin gurɓatacce ne, me ya sa ta yi shiru wata goma sha huɗu alhali ana gina shawarar lafiyar jama'a a kansa? Ta ce ta rubuta tun farko. Ya ce bayan an buga fa? Ba ta da amsar da za ta shiga takarda. Aka sa mata gargaɗi a fayil, aka bar ta a asibitin unguwa.

Badriyya ce ta kira ta, karon farko tun rigimarsu. "Kin gama da shi. Saura ƙauye. Zan raka ki, amma ke za ki yi magana."

Suka je ranar Asabar da hantsi. Ummu Mahdi na zaune a tsakar gida tana gyaran busasshen kifi. Ta amsa sallama, amma ba ta ce a kawo gahawa ba. Lulwa ta durƙusa ta yi mata bayani dalla-dalla: babu wata alamar ciwo da ta keɓanta da ƙauyensu, lissafi ne aka yi ba daidai ba, an kuma janye shi.

"Mun ji a waya," in ji tsohuwar. "An ce ke kika kunyata shi. Yaushe kika san ƙarya ce?"

Badriyya ta sunkuyar da kai. Lulwa ta yi niyyar kewaye maganar, sai ta kasa.

"Tun ranar farko, Inna."

"Kafin a fasa auren Batul?"

"Kafin nan."

Tsohuwar ta ci gaba da ɓare kifin, ta gama ɗaya, ta ɗauki wani. "Ni na zaunar da ke a nan na ba ki sunayen kakannina. Ni na ce wa matan garin nan su miƙa hannu, 'yar mutunci ce. Shi wancan bai san mu ba, bai taɓa cin abincinmu ba. Ke kin ci."

Batul ta fito daga ɗaki, da alama tana jin komai. Ba kuka a fuskarta.

"Shi wanda ya fasa ya riga ya yi aure, Dakta, kuma ko ya dawo da rarrafe ba na so. Amma akwai 'yan mata a bayana. Ki je talabijin ɗin da ya je, ki faɗa da bakinki. Ba a taron likitoci ba, inda uwayen maza ke kallo."

Lulwa ta je. Aka ba ta minti bakwai a shirin safe, ta yi bayani da harshen da kowace tsohuwa za ta gane. Ko ya yi amfani ko bai yi ba, ba ta iya cewa. Batul ta yi aure bayan shekara biyu, da wani malami abokin aikinta. Ba a gayyaci Lulwa ba.

Farfesa Dalanda ce ta neme ta daga baya, suka sake aikin tare daga nesa, da mutum ɗari biyar da goma da suka rage. Sakamakon ɗan ƙarami ne: wata alama kamar tana ɗan ƙara haɗari, wata kamar tana ɗan karewa, kuma ana buƙatar mutane da yawa kafin a tabbatar. Aka buga shi da sunan Lulwa a farko. Ba jaridar da ta ɗauka. Da suka so ƙara yawan mutane, ta aika wa ƙauyen gaɓar yamma takarda sau biyu. Ummu Mahdi ta aiko da amsa ta bakin limamin garin cewa jininsu ya ishe su amfani.

Gidan Farfesa Ghazi yana kan wata hanya da ba ta kan hanyar aikinta. Duk da haka, sau ɗaya ko biyu a wata, in ta tashi daga asibiti, Lulwa takan bi ta nan. Takan rage gudu daidai ƙofar, ta dubi tagogin falon baƙinsa a rufe, da filin da motocin baƙi ke cikawa a da, yanzu ba kowa sai kyanwa a inuwa. Sannan ta taka mota ta wuce gida.